Kuɓewar Iri

Wata goma sha ɗaya ke nan ina zaune a gidan ɗana Muktar a unguwar Ɗan Iya, kuma har yau ƙafata ba ta taka ƙasa a cikinsa ba. Ko'ina siminti ne, tun daga bakin get har bayan banɗaki. Hawan jini ne ya kawo ni Bauchi, aka ce sati biyu zan yi. Duk ranar da na ta da maganar komawa ƙauyenmu da ke bayan Darazo, sai Muktar ya ce, "Baba, a bari a ga likita tukuna." Likitan nan kuwa ganinsa ba ya ƙarewa.

Ban da tufafi, abin da na taho da shi daga gida shi ne ɗan ƙullin irin kuɓewa. Ja ce, gajera, wurin tsohuwata na gaje ta. Mutanen garinmu duk sun koma irin kanti, har ɗan ƙanena da ke riƙe da gonata. In ka cire abin da ke cikin ƙullin nan, ban san inda ta rage ba. Iri kuma in ya daɗe a ajiye mutuwa yake yi. Don haka da damina ta sauka na sa aka samo mini buhunan siminti shida, aka cika su da ƙasa, na gauraya da tsohon kashin kaji, na shuka duka. Mutumin da ke kwana huɗu yana huɗar gona ɗaya, ga shi tsugune gaban buhu. Abin ya ba ni haushi, amma na tsuguna.

Kajin na matar Muktar ne, Juwairiyya. Guda biyar, a kejin waya kusa da janareto. A ƙauye gona tana nesa da kaji. Nan kuwa taku uku ne tsakaninsu. Wata safiya aka bar ƙofar kejin a buɗe, kafin in dawo daga masallaci sun tsige buhu huɗu tas. Me zan ce? Suruka ce, yarinya mai kunya, tsakanina da ita gaisuwa ce tana durƙushe, ni ina kallon bango. Tun ranar ba ta sake sakinsu ba. Su suna leƙe ta cikin waya, ni ina kan kujerar roba, dukanmu buhu biyu muke kallo.

Na kuma shuka alayyafo da barkono a tsofaffin bokitai. In sun isa tsinka, sai in ajiye a bakin kicin in wuce, da rana in gan su a miya. Iyakar hirarmu ke nan, kuma ta ishe mu.

Kuɓewar ta yi 'ya'ya bakwai masu kyau. Ban taɓa ko ɗaya ba, na bar su suka ƙosa, suka bushe a jikin uwa, har in ka girgiza kana jin ƙwayar na kaɗawa. Na yanke su na ɗaure da zare. A gida, iri a saman murhu ake rataye shi, hayaƙi na korar ƙwaro. Akwai wani lungu a gefen kicin inda Juwairiyya ke hura itace in gas ya ƙare, can na kafa ƙusa na rataye. Daren Laraba na ce wa Muktar, "Damina mai zuwa a gonata zan shuka kuɓewar nan, ko likita ya so ko ya ƙi." Ya yi dariya ya ce Allah ya kai mu. Ni ba wasa nake ba, da ita nake lissafin kwanakina a gidan nan.

Ranar Juma'a bayan mun dawo masallaci ni da Muktar, Juwairiyya ta shigo da kwanuka da kanta, ta durƙusa, ba ta tashi ba kamar yadda ta saba.

"Baba, a yi haƙuri, miyar ba ta yi yauƙi sosai ba," ta ce, kanta a ƙasa. "Sau uku na daka ina tankaɗewa. Taku ce, wadda kuka ajiye mini."

Na buɗe kwanon. Tuwon masara ne da miyar busasshiyar kuɓewa, tsararo kamar ruwa.

"Duka?" na ce.

"Duka, Baba. Ai ba ta da yawa."

"Abin da ya rage a rariya fa?"

"Na watsa wa kaji."

Wannan ce magana mafi tsawo da muka taɓa yi da ita. A tafin hannunta na ga sabon bororo, na taɓarya. Yarinyar da komai inji take kaiwa.

Muktar da ya riga ya fara cin nasa ya gane, don ya daina taunawa. Ya ce a hankali, "Baba, gobe in shiga kasuwa, akwai iri kala-kala."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan ɗora wa. Ita ga ta durƙushe tana jiran ta ji ko ta burge ni, ni kuma na san ba ni da sauran abin da zan ce zan koma ƙauye in shuka.

Na wanke hannu, na yanki loma. Miyar tana ƙaiƙayi a maƙogwaro.

"Ta yi daɗi, 'yata," na ce. "Allah ya yi miki albarka."

Ta tashi da murna ta fita. Na cinye tuwon duka, saboda ba a mayar wa suruka da kwano.