Gurbin Yatsan Sulaba

Ranar Laraba ce, da hantsi. Ina tsugune a bayan ɗaki ina goge kaskon suya da toka, saboda Diwali, bikinmu na fitilu, ya matso, sai na ji wayar baban 'yata Sulaba tana ƙara a aljihun rigar da ya rataye a ƙusa. Shi yana gonar rake. Ban iya wayar nan sosai ba, amma na san koren maɓalli.

Ketaki ce, yarinyar da suke ɗaki ɗaya da 'yata a birnin Pune, wurin da suke aikin ɗinki. Ta ce, "Inna, Baba yana kusa?" Na ce yana gona, ki gaya mini. Ina jin ƙarar motoci a bayanta. Can ta ce, "Inna, ki zauna tukuna."

Ban zauna ba. A tsaye na ji Sulaba ta rasu, da toka a hannuna. Zazzaɓin sauro ne, kwana huɗu kacal. Ranar Lahadi mun yi magana da ita, ta ce mura ce kawai, har tana tambayata ko na buɗe gwangwanin. Shekararta ashirin da huɗu. Ita kaɗai gare mu.

Sai na yi bayanin gwangwanin nan, don a kansa nake wannan rubutu.

Sulaba ta zo gida hutun bikin Dasara, ta tarar na jiƙa shinkafar anarsa. Kwana uku ake jiƙa ta, kullum a sauya ruwa. A tsane, a baza a tsohon zane a inuwa, a daka tun da sauran danshi, a tankaɗe, a cuɗa da mazarƙwaila da cokali guda na man shanu. Sai a dunƙula a rufe a gwangwani ya kwana biyar, ko goma, ko fiye, kafin a soya. Duk kayan daɗin Diwali babu mai wuyarsa. In mazarƙwaila ta yi yawa, da an saka a kasko sai ya watse a cikin mai, ya zama tsaki-tsaki. Mukan ce ya yi dariya.

Na Sulaba bai taɓa fasa dariya ba. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take gwadawa.

Ranar da muka yi dakan, Iya, uwar mijina, tana zaune bakin ƙofa da ma'auni a cinyarta. Ita ke auna mazarƙwaila a gidan nan tun kafin a kawo ni.

Sulaba ta ce, "Kaka, ƙara kaɗan mana. Wannan ai na asibiti ne."

"Na asibiti? Shekara sittin ina auna wannan, 'yar birni. Cire hannunki."

"Ke da haƙori biyu, me ya dame ki da zaƙi?"

"Biyun sun isa in cije miki kunne. Da wannan hannun za ki gidan miji? Surukarki za ta maido mana ke da kaskon a ka."

"Sai in dawo in zauna a kanki. Dama wa ya ce zan tafi?"

Akuya ta sa baki a zanen shinkafa, Iya ta juya tana korarta da sanda. Kafin ta waiwayo Sulaba ta damƙi mazarƙwaila cike da hannu ta jefa a cikin garin, ta ƙifta mini ido. Na gani, ban ce komai ba. Na ce a raina bari ta sake shan kunya, ta haka ake koyo.

Ita ta cuɗa, ita ta dunƙula. Dunƙule bakwai. Kowanne ta danna babban yatsanta a tsakiya, ya yi gurbi. Na ce wannan kuma fa? Ta ce, "Hatimi ne. In kika saci ɗaya kika soya a bayana zan gane. Inna, bana ni zan soya, daga farko har ƙarshe. Kada ki taɓa sai na zo." Ta rufe gwangwanin tagulla, ta ɗora a kan kantar ɗaki, washegari ta hau motar safe.

Bayan kwana shida aka kawo ta a wata motar.

Ba zan rubuta kwanakin nan ba. Maza suka ɗauke ta zuwa bakin kogi, na tsaya a ƙofa inda mata ke tsayawa. Babanta ya dawo da jiƙaƙƙun kaya, kuma har yau bai cika magana ba. Muka zauna kwana goma sha uku. Maƙwabta suna kawo abinci, ina ci don ana kallona.

Gidan da aka yi rashi ba ya ɗora kaskon suya shekara guda. Ba kayan zaƙi irin ladu da karanji, ba fitila a bakin ƙofa. Diwalin farko maƙwabta ne ke kawo muku nasu. Kowa ya san wannan, ni ma na kai wa gidaje da yawa. Saboda haka a kwana na huɗu Iya ta nuna kantar da sandarta ta ce mini, "Goda, sauke wancan ki ba saniya. Ba a barin ƙullin biki a gidan makoki."

Na ce to. Na ɗauka na fita bayan gida, na tsaya gaban saniyar, na buɗe. Ga su nan bakwai, kowanne da gurbin yatsanta. A ɗaya har ana ganin inda farcenta ya shiga. An ƙone gawarta bisa al'adarmu, tokarta ta bi kogi. Kayanta na Pune an kawo su a jaka, a wanke, a ninke, suna warin sabulu. Wannan ne kaɗai wurin da hannunta ya taɓa ya bar siffarsa.

Na mayar da murfin. Na tura gwangwanin cikin buhun dawa a rumfar ajiya, na ja baki na ɗaure. Na koma na ce wa Iya na bayar. Shekara ashirin da bakwai ina gidan nan, ban taɓa yi mata ƙarya ba sai ranar.

Kullum da rana, in ta kishingiɗa bayan cin abinci, sai in shiga rumfar in buɗe. Ba na taɓawa. Kallo kawai.

Amma ni ce nake yin anarsa shekara da shekaru, na san abin da ƙulli yake yi in ya kwana. Mazarƙwaila tana narkewa, yana saki. Kuma nata ta yi yawa. A kwana na takwas na ga dunƙulen sun fara zaunawa, gefensu ya haɗu da juna. A na goma alamar farcen ta tafi. Guraben da za su iya riƙe ƙwayar gyaɗa sun koma kamar ɗan lotsawar kumatu. Na kai gwangwanin wuri mai sanyi, kusa da randa. Na sa jiƙaƙƙen tsumma a kai. Bai hana ba. Ina kallo tana sake tafiya, a hankali wannan karon.

Kwanakin zamanmu suka cika ana jibi Diwali. Unguwa ta ɗauki ƙamshin man shanu da soyayyen garin wake. Mutane suna ƙoƙari, suna rufe tagoginsu na ɓangarenmu, amma ƙamshi ba ya jin wannan.

Ranar ce Yaya Shewanta ta kama ni. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, iyakarta ƙirji. Ita ta karɓi haihuwar Sulaba da ungozoma ta makara. Ta zo karɓar rariyarta, ta leƙa rumfa ta same ni zaune a ƙasa da gwangwani a cinya.

Ta duba ciki ta daɗe. Ta ce, "Nata ne?"

Na gyaɗa kai.

"Tsohuwa ta sani?"

"Na ce mata saniya ta ci."

"Kai, Goda. Ke da ko farashin albasa ba ki iya ƙarawa." Ta zauna kusa da ni, gwiwoyinta suna ƙara. "To yanzu me za ki yi da shi? Ki zuba masa ido har ya yi gashi?"

"Ta ce kada in taɓa sai ta zo."

"Ke ta ce wa. Ni ta ce mini?"

Na dube ta.

Ta ce, "Ke ba ki da ikon ɗora kasko, gaskiya ne. Ni ina da shi. Kuma jibi dole in kawo muku faranti, ko ba haka ake yi ba? Wa ya taɓa tambayar maƙwabciya inda ta samo garinta?"

Na ce, "Ƙullin gidan makoki ne, Yaya. Zai shiga madafarki ranar biki?"

"Yarinyar da ta yi mini fitsari a cinya fiye da sau ɗari, ƙullinta ne zai ɓata mini madafa? Miƙo."

Na rungume gwangwanin. Na ce in an soya, sai an murje su. Guraben za su tafi.

Ta ce, "Suna tafiya dama, ƙanwata. Duba da idonki. Ba don a kalla ta yi shi ba."

Ban ba ta a lokacin ba. Ta ɗauki rariyarta ta tafi. Na kwana da abin. Da safe na buɗe, na ga biyu sun shafe sarai, sun zama sumul kamar ba wanda ya taɓa su. Na cire ɗaya, wanda gurbinsa ya fi zurfi, na sa a ƙaramin kwano. Sauran shidan na miƙa ta kan katanga. Hannuna ya ƙi sakin gwangwanin sai da ta ja.

Na tsaya jikin katangar. Na ji ta hura wuta, na ji man ya yi zafi. Na ji na farko ya shiga, cuuu. Sai na ji muryarta, ita kaɗai a madafa: "Ke 'yar nema! Har yanzu?" Sai kuma jan hanci.

Da safiyar Diwali ta shigo da faranti rufe da ƙyalle, ta ajiye gaban Iya kamar yadda ake yi. Ladu huɗu, karanji shida. A gefe ɗaya anarsa guda biyar da suka tsira, karkatattu, baƙi-baƙi a baki. Kusa da su ƙaramin kwano cike da tsaki, ja, yana ƙyalli da mai.

Iya ta kalli kwanon. Ta ce, "Shewanta, yaushe naki ya fara dariya? Shekara talatin ina cin naki."

"Tsufa ne, Iya. Ido ya tafi."

Iya ta ɗebi tsakin da yatsa uku ta sa a baki. Ta daɗe tana mamula. Ina tsaye jikin ƙofa. Ta haɗiye. Ba ta dube ni ba, farantin take kallo.

Ta ce, "Na gaya mata ta cire hannunta. Ashe sai da ta ƙara."

Ta matso da kwanon kusa da ita, ta ci gaba.

"Lokacin da na kori akuyar nan ne, ko?"

Na ce, "Eh, Iya."

"Kina gani kika yi shiru."

"Eh."

Ta sake ɗiba. Hawaye yana bin ramukan fuskarta yana shiga bakinta tare da zaƙin. Tun ranar da aka kawo gawar ban ga ta yi kuka ba sai lokacin. Ta ce, "Mara jin magana. Ɗanɗana ki ji, kamar an narka rake." Sannan ta ɗaga murya ta kira ɗanta daga zaure: "Namdeo! Zo ka ci abin da 'yarka ta ɓata."

Ya zo ya tsuguna. Ya ɗauki guda, ya riƙe a tafin hannu ya daɗe, sannan ya ci. Ni ma na ci. Ya yi zaƙi ƙwarai, har yana kama maƙogwaro. Mu huɗu muka cinye, har tsakin, Iya ta lashe kwanon da yatsa. Maganar saniya ba ta taɓa tayar da ita ba.

Na bakwai ɗin da na ɓoye bai kai ƙarshen sanyi ba. Ya baje a kwanon, gurbin ya rufe, daga baya ya yi fumfuna. Na binne shi a gindin tulsi, ɗaɗɗoyar ibada da ke tsakar gida. Da na sani da na ba Yaya Shewanta shi ma, da mun sami ƙarin loma ɗaya kowa.

Shekara uku ke nan. Iya ta bi Sulaba bara, ma'aunin yana hannuna yanzu. Kasko ya koma kan wuta tuni, ina yin ladu, ina yin karanji, ina kai wa gidajen da aka yi rashi. Anarsa ne ban sake jiƙa wa shinkafa ba. Yaya Shewanta tana kawo mana nata, mai kyau, mai raga-raga, ba ya dariya.

Kullum da safe ina cuɗa garin dawa na gurasarmu, ni da baban Sulaba. Dunƙule huɗu ya ishe mu. Kafin in fara faɗaɗawa, nakan danna babban yatsana a tsakiyar na farko, in bar shi a gefen akushi har in gama sauran ukun. Shi nake gasawa a ƙarshe.