Aska Mai Jan Zare

Kujerar aski ce ta fara fitowa ta ƙofar shagon, ta daki bakin kwata ta rabe biyu. Sai madubi ya biyo ta. Tela ya ɗage ƙafa daga keken ɗinkinsa ya leƙo, ya ga mahaucin layin ya shaƙe maƙwabcinsa wanzami da wuyan riga, yana jan sa a ƙasa kamar buhun gawayi.

"Kai ka sa wa ɗana," in ji mahaucin, ya sharara masa mari. "Kai da ƙazamar askarka."

Tela ya san mafarin zancen. Asibitin unguwa ne ya turo wa duk mai kati saƙo a waya, a zo gwajin ciwon hanta. Yawancin mutane suka goge, wai 'yan damfara ne. Wanzami kuwa ya je, aka ce cutar ta riga ta ci jikinsa. Daga nan duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya karanta masa saƙon, ya gwale idonsa da ya koma ruwan ɗorawa ya ce, "Ka je, kada ka zama ni." Da bakinsa ya lallashi mahauci ya kai ɗan autansa. Gwaji ya nuna yaron na ɗauke da ita, wani sarkin sani a layin karɓar magani ya ce ai aska ce ke yaɗa ta.

Tela ya ruga ya riƙe hannun mahauci. "Haba, ka ji tsoron Allah. Kowa da askarsa a shagon nan, shekara da shekaru. Ni nake ba shi zaren da yake ɗaura wa kowacce. Ta ɗanka mai jan zare ce."

Gwiwar hannu tela ya samu a baki, haƙorinsa ya huda leɓe. Kafin ya miƙe, mahauci ya sa ƙafa ya hauri wanzami a kumburarren cikinsa, ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Mutane suka yi cirko-cirko suna kallo, kuma abin takaici, rabin kawunan nan askin wanzamin ne.

Wanzami ya dafa ƙasa ya yi aman jini, baƙi ƙirin, guda-guda. Nan mahauci ya ja da baya. Wanda ke yanka kullum ya san jinin da ba ya tsayawa.

A bayan motar da aka tare, tela ya ɗora kan maƙwabcinsa a cinya, hawaye na haɗuwa da jinin bakinsa.

"Ɗan'uwa," in ji wanzami da ƙyar, "ka ce a kai uwar yaron ma gwaji. Malamar asibiti ta ce wani tun daga haihuwa yake ɗauka."

"Yi shiru, mun kusa."

Ba su kai ƙofar asibitin da shi da rai ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, 'yan sanda sun tafi da mahauci, tela ya ɗauki tsintsiya ya shiga shagon. Ya tara fasassun madubi a lungu. Wayar mamacin na kan kantar shagon, ta yi ƙara ta kawo haske: asibiti ne, suna tuna masa ranar ganin likita. Tela ya kifa ta. A bango asake suna rataye a jere, kowacce a ƙusarta da zarenta, kore, shuɗi, fari. Ta ƙarshe ƙarama ce, iskar ƙofa na kaɗa jan zarenta.