Bakin Direba a Jikin Kwalba

"Ni zan kai ka wurin likita ya wanke maka haƙoran nan tas. Hoto biyu kawai nake so, kafin aiki da bayan aiki."

Direba ya dubi mijin ƙanwarsa, mai shagon kayan kwalliya. "Me za ka yi da hoton bakin tsoho?"

"Haba Yaya, tarihi! Amma kar ka gaya wa kowa, ko a gida, kar dangi su yi mini layi."

Suka tafa.

Likita ya kwantar da shi, ya lulluɓe masa dasashi da wani abu kamar danƙo don kar magani ya taɓa nama, sannan ya shafa, ya haska fitila. Awa guda, tsatsar sigarin shekara talatin ta tafi. A tasha har Ango suka koma kiransa.

Bayan wata guda ya dawo cin abincin rana, ya tarar da 'yarsa durƙushe a bakin famfo tana tofar da jini, leɓe ya kumbura. Washegari ne za a yi mata gwajin aikin karɓar baƙi a otal, aikin da murmushi ne jarinsa.

"Ke, me ya same ki?"

Ta miƙo masa wata 'yar kwalba. An manna mata takarda: garin haskaka haƙori a gida, cikin kwana uku. A jikin takardar ga bakinsa nan har biyu, baƙi da fari, da wushiryarsa da kowa ya sani.

"Na ga kai ne, Baba," ta ce da ƙyar. "Na ce ai ba za ka yarda da abin cuta ba."

Ko takalmi bai cire ba ya juya. A shagon mijin ƙanwar tasa ya samu direbobi uku 'yan tasharsu suna saye.

"Ango! Ashe sirrin ke nan ka ɓoye mana?"

Ya ja surukin gefe. "Garin nan naka ya ƙona wa 'yata baki. Kai ma 'yarka ce fa."

"Allah ya sawwaƙe, Yaya, ƙila ta cika hannu ne. Amma bakin nan naka ne ko ba naka ba? Ni ban rubuta sunan kowa ba."

Direba ya buɗe baki zai tona, ya tuna a gidan wa ƙanwarsa take da 'ya'ya biyar. Ya haɗiye maganar.

Otal suka ɗauki wata. Mai shago kuwa kafin shekara ya buɗe reshe a bakin tasha. Shi ya ci riba. Yarinya ta rasa aiki, uban ya rasa yardarta, sai fararen haƙora da ba wanda yake yi wa dariya da su a gidan.