Wa Ya Kashe Kajin 'Yardada?

'Yardada ta sa sanda ta juya kazar. Ta sandare, kamar 'yan uwanta na jiya. Kafin ma ta yi salati sai da ta harari katangar da ta raba gidanta da na Tani.

Tun suna amare suke maƙwabtaka a wannan lungu na Ƙofar Mazugal, ko gishiri ta kan katanga suke miƙa wa juna. Amma kajin 'Yardada sun saba bi ta rariya su faɗa shanyar geron Tani, kuma a makon jiya Tani ta ce, tana dariya, wata rana sai ta yi maganinsu. A lokacin ita ma 'Yardada ta yi dariya. Yanzu kuwa duk ta inda ta juya maganar, dariyar ba ta yi mata kama da ta wasa ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Tana cikin haka babban ɗanta Abdulhakeem, malamin kimiyya a wata sakandare, ya shigo gaisuwar safe. Ya saurari ƙorafin har ƙarshe, sannan ya zagaya tsakar gida yana dube-dube kamar wanda ya yar da allura.

"Inna, har da ƙadangaru a mace. Ga kyankyasai kuma birjik a bakin shadda."

"Malam, ina zancen kaji kana zancen ƙadangare?" Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Ai zancen ɗaya ne. Mu da su duk muhalli ɗaya muke, kowa da abin da yake ci. Kyankyaso ya ci ƙazanta, kaza da ƙadangare su ci kyankyaso, mage ta ci ƙadangare. Shi muke kira sarƙar abinci. In guba ta shiga ta ƙasa, sai ta yi ta hawa."

"Ko Tanin ce ta tare ka a hanya ta tsara maka?"

"Wa ya zuba magani a shaddar nan?"

Shekaranjiya ita da kanta ta sayo maganin ƙwari na fiya-fiya a Ƙofar Wambai, ta juye kwalbar gaba ɗaya, har tana murna da ganin kyankyasai suna fitowa suna birkicewa. Amma ina ruwan shadda da kaza? Karatun boko dai ba ya rasa abin faɗa. Ta janyo mayafi, gara ta je ta kalli idon Tani.

Ba ta kai zaure ba aka yi sallama. Tani ce, idonta jawur.

"Yaya, magena ta mutu. Da safen nan na tsince ta da kumfa a baki. Wallahi guba aka ba ta! Sabo nake zargi, ɗan hayar nan, dama ya tsane ta. Zo ki raka ni wajen mai unguwa. Duk wanda ya yi mini wannan, ni da shi har abada."

'Yardada ta dubi ɗanta. Ya sunkuyar da kai yana gyara hula, ya bar ta da kayanta. In ta yi shiru, Sabo zai kwana a ciki, ita kuma Tani ba za ta taɓa sani ba.

Ta shimfiɗa tabarma.

"Zauna, Tani. Malam, sake yin bayanin sarƙar nan taka. Ka faro daga kaina."