Farin Wuri a Ƙarƙashin Dutse

Pandu ya riƙe hannun yayarsa Tatu, suna taka yashin da teku ya janye ya bari. Shekara uku ke nan da idonta ya rufe. Tun watan jiya take damunsa ya kai ta duwatsun da uwarsu ke tsintar farin wuri, ta taɓa mai rai ko sau ɗaya kafin ƙafa ma ta ƙi.

Bai gaya mata babu duwatsun ba. Shi da kansa ya nuna wa masu ginin otal hanya bara, suka farfasa su, suka kwashe a keken shanu. Dodon da ke cikin wuri kuwa ba ya zama sai ƙarƙashin dutse, inda akwai inuwa da ɗan ruwa. Don haka da safe ya sayo ɓawon wuri guda biyar a hannun masu sayar wa baƙi, ya tura su ƙarƙashin wani guntun dutse da ya rage.

Tana tafe tana yi masa tsiya, wai tun yana yaro kaguwa ke korarsa, yanzu ga furfura amma jan makauniya ya gagare shi. Ta ce hanyar ta yi mata laushi a ƙafa. Ya ce takalminta ne.

"Ga shi nan, Yaya. Durƙusa."

Ta cusa hannu, ta zaro ɗaya. Ta shafa bayansa mai santsi, ta bi tsagar cikinsa da farce, ƙananan haƙoran nan a jere. Sai ta nutsa shi cikin ruwa a tafinta, ta jira. Mai rai yakan fito da tsokarsa ya lulluɓe bayansa. Wannan bai motsa ba. Ta kai shi hanci.

"Man kwakwa," ta ce. "Kai ka shafa, ko haka suka sayar maka?"

Ta lalube dama da hagu, yashi ne da tsakuwa. Ta tambaye shi ina babban dutsen da uwarsu ke zama a kai. Ya gaya mata a taƙaice, har da wanda ya nuna hanya. Ya tsaya jiran zagi, da ma shi ya fi so.

Ta ɗaure wurin a bakin zanenta.

"Tashe ni, Pandu. Ruwa na dawowa."

Ya dubi teku. Yana can nesa, ko alama bai yi ba. Ya miƙa mata hannu.