Gurbin da Ya Rage a Akwatin Egon

"Mayar musu!" na ce da mai kawo wasiƙu, na tura mata ƙunshin. "Ki ce ba ya so."

"Waltraud, kin tambaye shi kuwa?"

"Ni ke wanke masa tukunya, na san abin da yake ci. Dankali da gishiri!"

Egon maƙwabcina ne a benenmu nan Bochum, tsohon mai haƙar kwal, huhunsa ya gama lalacewa. Wani kamfani ya maƙale masa, bini-bini su aiko masa da kwandalar azurfa ta tunawa da ramukan kwal da aka rufe, su yanki rabonsu a fanshonsa. Ɓarayin zaune! Sai ya zura farar safar hannu, ya ajiye kowace a gurbinta cikin akwati. Ni ko taɓawa ban isa ba.

"Ja can, hannunki duk albasa!"

"Azurfar za ka ci, tsohon kawai?"

Saura gurbi ɗaya ya cike akwatin lokacin da na kori ƙunshin nan. Ni da ko rubutun jikinsa ban iya karantawa ba.

Ciwo ya kwantar da shi. Duk sanda na kai masa miya sai ya ɗago daga matashi. "Kwandalar ta iso?"

"Ba ta iso ba."

"Ta raminmu ce suka bari ƙarshe, da hoton hasumiyar bakin ramin a jiki. Ta nan muke sauka ni da ƙanena. Ranar gobara ni kaɗai na fito."

Na ajiye cokalin, na sauka na kira kamfanin. Wata mai muryar zuma ta ce wadda aka mayar an sayar, an daina bugawa, amma akwai sababbi masu hoton jirgin ruwa.

"Jirgin ruwan gidanku! Kun tatse shi tas, ɗaya tak ta gagare ku?"

Ya rasu da hantsi, fuskarsa tana kallon ƙofa. Ban faɗa masa ni na kore ta ba.

Har yau ina kiran su. Sun gane muryata, suna kashe waya. Su kashe, gobe ma zan kira. Kwandalarsa nake so, su nemo ta duk inda suka kai ta.

'Yarsa ta bar mini akwatin, wai ni na kula da babanta. Yana kan teburin kicin. Yau da safe na wanke hannuna da sabulu, na zura safarsa, na buɗe. Kan yatsana ya zauna a gurbin daidai.