Abin da Baba Kaz Ya Faɗa wa Banki

Mutumin da ya faɗi gaskiya, bai sa ƙarya ko ɗaya a ciki ba, amma ya faɗe ta ne don ya karya ka, me za a kira shi? Har yau Lamont Pruitt, wanda abin ya faɗa wa, bai sami sunan da zai ba shi ba.

Lamont makaniken bas ne a birnin Milwaukee na Amurka. Fiye da shekara goma shi da matarsa Renita da 'yarsu suna haya a saman bene, mai gidan kuma, Casimir Wojtak, tsoho ne da matarsa ta rasu, yana zaune a ƙasa shi kaɗai. Baba Kaz Lamont yake kiransa. Duk ranar ɗaya ga wata yakan sauko da kuɗin haya a aljihu, ya zauna a kicin, tsohon ya zuba masa gahawa mai ɗaci ya tura masa fanke mai jam a ciki, su yi ta zagin 'yan ƙwallon garin. Lamont ne ke kwashe masa dusar ƙanƙara daga ƙofa, shi ke hawa rufi idan ya yi yoyo, shi ya ɗauko shi ranar da ya zame a banɗaki.

Renita ta sha ce masa, "Ka riƙa rubuta masa cek, Lamont. Ko rasit ka riƙa karɓa."

"Cek? Mutumin da ya riƙe mana yarinya ranar baftisma? In miƙa masa takarda sai ka ce kamfanin wuta? Allah ya kiyaye."

Da kaka ta shigo suka ga gida a arewacin gari, ƙarami, jan bulo, da fili a baya inda Renita ta riga ta shuka tumatir a ranta. Suka je wani ƙaramin banki neman rancen saye. Ma'aikaciyar, Madam Vang, ta daɗe tana duban kwamfuta kafin ta ɗago.

"Malam Pruitt, makinka na bashi ba wai ya yi ƙasa ba ne. Babu shi ne sam."

"Ai ban taɓa cin bashin kowa ba," in ji shi, har da ɗan fahari.

"To shi ya sa. Sai wanda ya ci ya biya ake ba wa maki." Ta ga yadda fuskarsa ta canza, sai ta sassauta murya. "Kada ka damu, akwai wata hanya. Albashinka ya isa. Idan mai gidanku ya shaida cewa shekarar nan duka ba ka taɓa makara da kuɗin haya ba, za mu karɓi wannan a madadin maki. Ta banki kake biya?"

Renita ta kalli mijinta.

"Hannu da hannu," in ji Lamont. "Amma ki buga masa waya. Uba ne a wurina."

Ya fita yana dariya, har ya tsokani Renita a mota cewa ta fara neman irin tumatir ɗinta.

Bayan kwana biyu Madam Vang ta kira shi yana wurin aiki, hannunsa duk baƙin mai. Ta ce ta yi magana da mai gidan, ya ce mata a farkon bazara Lamont ya makara wata biyu a jere. Ƙa'ida ba ta yarda ba. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai.

Lamont ya tsaya riƙe da wayar. Farkon bazara. Lokacin ne mahaifiyar Renita ta rasu a Mississippi, suka yi ta zirga-zirga a hanya. Ya tuna ya sauko da kuɗin, tsohon ya mayar masa da su aljihu da hannunsa, yana cewa, "Ka kuskura ka sake kawo mini kuɗi kafin ku gama makoki, sai na kore ka daga gidan nan." Har hawaye Lamont ya yi a ranar.

Da aka tashi aiki bai hau sama ba. Ya tarar da Baba Kaz a kujerarsa, talabijin na ta yi.

"Baba, kai ka ce mata na makara?"

"Ta tambaye ni, na faɗa mata. So kake in yi wa banki ƙarya da tsufana?"

"Kai ka hana ni biya. Kai ka mayar mini da kuɗin."

"Haka ne."

"Ka faɗa mata wannan?"

"Ba ta tambaya ba."

"To ga waya. Kira ta yanzu ka faɗa mata."

Tsohon bai ko dubi wayar ba. Ya ƙara wa talabijin murya, ya sake ragewa.

"Me za ka yi da wancan akurkin, yarona? Na sa an kai ni na gani. Tagoginsa duk sun ruɓe. Nan me ka rasa? Na taɓa ƙara maka haya? Hunturu na zuwa. Idan kun tashi, wa zai shigo mini sama? 'Yan makaranta masu kiɗa har asuba? In faɗi a banɗaki in ruɓe kafin a ji wari?"

Sai a lokacin Lamont ya gane ba mantuwa ba ce, ba kuma rashin sanin abin da kalmar za ta jawo ba. Tsohon ya je har can ya leƙa tagogin, ya dawo ya zauna yana jiran wayar. Abin da ya fi ci wa Lamont rai shi ne bai iya kiransa maƙaryaci ba. Ya so ya kira shi hakan, don zuciyarsa ta sami inda za ta tsaya, amma kalmar ba ta hau ba.

Shi da kansa ya koma ya yi wa Madam Vang bayani. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce ta yarda da shi, sai dai bakin mai gida ake nema, ba na ɗan haya ba. Ta ce ya fara biya ta banki, bayan shekara guda ya dawo, ba sai an tambayi kowa ba. Mai gidan jan bulo bai jira shekara ba. Kafin wata ya ƙare wasu suka saye. Renita ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, shi kuwa da ma ta faɗa ya huta.

Ranar ɗaya ga wata ta zo da sanyi. Tun daga matakala Lamont ya ji ƙamshin gahawa, ya kuma ji ƙarar kofi biyu da ake ajiyewa a tebur.

"Yarona, kai ne? Shigo mana, a buɗe take. Na sayo masu jam ɗin nan da kake so."

Lamont ya jingina takardar cek da bango ya rubuta cikakken sunan, Casimir Wojtak, harafi bayan harafi, ya sa kwanan wata, ya sa hannu. Ya durƙusa ya tura cek ɗin ta ƙarƙashin ƙofar, ya miƙe ya tafi aiki.